Bayan Kammala Karatun Kwamfuta: A Zauna a Kaduna Ana Aiki Daga Gida, ko a Tafi Ofis a Abuja?

Duk shekara makarantun da ke kewaye da mu suna yaye ɗimbin matasa a fannin kwamfuta, daga Jami'ar Jihar Kaduna da ke kan titin Tafawa Balewa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, da cibiyar fasaha ta sojin sama da ke Mando, har zuwa Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Da yawa daga cikinsu, da zarar sun ajiye kakin bautar ƙasa sun dawo gida, sai su tarar da tambaya ɗaya tana jiransu: shin su zauna a Kaduna su nemi aikin da ake yi daga gida ta intanet, ko kuwa su haɗa kayansu su nufi Abuja su shiga ofis? Na bi hanyoyin nan biyu da ƙafata, domin na yi shekara ɗaya da rabi ina aiki daga ɗakina a Unguwar Dosa, sannan na yi shekara biyu a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Abuja kafin na dawo, kuma abin da zan faɗa a nan ya fito ne daga abin da na gani a wuraren biyu. Na bar Legas a gefe da gangan, saboda nisanta ya sa lissafinta ya zama na daban, kuma mafi yawan 'yan Kaduna da ke wannan shawarar Abuja suke hange.

Abin da na yi imani da shi shi ne, a shekaru biyun farko bayan makaranta, bai kamata girman albashi ya yanke wa mutum hukunci ba. Tambayar da ta fi cancanta ta yanke ita ce: wa zai riƙa karanta aikin da na rubuta, ya nuna mini inda na kauce? Amma kafin a kai ga wannan dole a bi ta kan kuɗi da wuta da zaman gida, domin su ne suke fara tsorata matashi ko su ruɗe shi.

Albashin Abuja yana da kyau a takarda. Sai dai hayar gida a can ta shekara ce, ana biya gaba ɗaya kafin a karɓi makulli, kuma a kanta akwai la'adar dillali da kuɗin yarjejeniya da abin da ake ajiyewa saboda ɓarna, ke nan sabon ma'aikaci yana buƙatar kuɗin watanni masu yawa tun bai ga albashinsa na farko ba. Shi ya sa da wuya a same shi yana kwana a Wuse ko Garki ko Jabi inda ofisoshin suke. A Kubwa ko Lugbe ko Dutsen Alhaji ko Karu yake samun ɗaki, wasu ma har Mararaba da ke jihar Nasarawa ko Suleja da ke jihar Neja. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota na kullum ya zama kamar haya ta biyu, kuma wanda yake bin hanyar Nyanya da sassafe ya san cewa bayan kuɗin yana asarar sa'o'in da zai iya zama ya koyi wani abu a cikinsu. Idan aka ƙara da abincin saye sau biyu ko uku a rana, da kuɗin zuwa gida lokacin Sallah ko biki ko rasuwa, sai a ga albashin da ya burge mutum a waya bai wuce rufin asiri ba. Duk wanda aka yi wa tayin aiki a can, ya raba hayar shekara gida 12, ya tambayi wani da ke zaune a unguwar nawa yake kashewa a mota a mako, ya cire duka daga albashin, sannan ya kwatanta abin da ya rage da abin da zai samu a Kaduna.

A Kaduna kuwa mafi yawanmu gidan iyaye muke komawa, babu haya, tuwon dare kuma yana nan yana jira, wannan sauƙi ne babba da bai kamata a raina ba. Amma zaman gida ma yana da nasa kuɗin da ba a rubutawa. Da zarar an san mutum yana samu, buhun shinkafa da kuɗin makarantar ƙanne da maganin tsofaffi za su fara biyowa ta kansa, kuma ko da yake haƙƙi ne da ɗa nagari yake saukewa da farin ciki, dole ne ya shiga cikin lissafi. Bayan wannan, duk abin da ofis yake ba ma'aikaci kyauta, mai aiki daga gida shi zai saya da aljihunsa, tun daga kwamfuta da wuta da data har zuwa kujerar da ba za ta lalata masa baya ba. Ma'aikacin kamfanin da dokar fansho ta 2014 ta shafa ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, kamfani ya ƙara aƙalla kashi 10, a tara masa, wasu kamfanonin kuma suna haɗawa da inshorar lafiya. Mai zaman kansa ba shi da wanda zai yi masa wannan tanadin, kuma ko harajinsa shi ne zai je ya bayyana wa hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha da kansa.

Abin da ya fi jan hankalin matasa zuwa aikin gida shi ne labarin dala. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira, dalar da ake canzawa a hukumance kan kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, waɗanda ake biyansu da dala suka wayi gari samunsu ya ninka ba tare da sun ƙara aikin komai ba. Labarin gaskiya ne, sai dai na waɗanda suka riga suka ƙware ne. Kamfanin da ke Amurka ko Jamus idan zai ɗauki mutum daga nesa, yana neman wanda za a danƙa wa aiki a juya baya, ba wanda za a riƙe wa hannu ba. Hatta kamfanin Andela, wanda aka kafa a 2014 domin horar da sababbin masu rubuta manhaja a Afirka, a watan Satumbar 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi fiye da 400, bisa hujjar cewa masu ba shi aiki ƙwararru suke nema. A shafukan neman ƙananan ayyuka ma abin ba sauƙi: Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya mutum, a Upwork kuma sai an kashe kuɗi ana sayen damar tura buƙata, sannan sabon shiga zai yi gogayya da 'yan Indiya da Fakistan da Filifin waɗanda suka tara shaidar aiki ta shekaru. Irin ƙananan ayyukan da sababbi suke farawa da su a da, kamar gyaran fuskar shafi ko rubuta ɗan guntun kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin gina manhaja), yanzu masu su suna yi da kansu da taimakon ChatGPT da makamantansa. Saboda haka aikin gida da sabon ɗalibi zai iya samu a zahiri shi ne na wani kamfanin Legas ko Abuja mai biya da naira, ko kuma na cikin gari, wato shafin makaranta mai zaman kanta, ko manhajar lissafin shago, ko ta ajiyar bayanan asibiti, kuma waɗannan na cikin gari sau da yawa biyansu kashi-kashi ne, ana bin sawu. Wanda zai zaɓi zama a Kaduna ya gina shawararsa a kan takardar aiki da ke hannunsa, kada ya gina ta a kan dalar da ya ji labarinta.

Batun wuta shi ne inda nake so a tsaya a yi lissafi sosai, domin na ga ya kori mutane da yawa daga aikin gida alhali maganinsa bai kai yadda ake zato ba. An raba masu amfani da wutar lantarki rukuni-rukuni, inda rukunin A ya kamata ya samu aƙalla sa'o'i 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4, kuma a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Wannan ya tayar da hankalin jama'a, amma ga mai kwamfuta tsadar yunit ƙaramar magana ce. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai jan wat 60, ko an kunna ta sa'o'i 10, ba ta cinye yunit ɗaya ba, domin 60 sau 10 ya ba da 600 ne kawai cikin 1,000 da ke yin yunit. Matsalar ita ce wutar ta kasance a lokacin da ake buƙatarta. Idan aka haɗa kwamfuta da na'urar intanet mai jan kamar wat 10 da fanka mai jan kamar wat 50 da ƙwan fitila, buƙatar yini ɗaya tana kaiwa wajen yunit ɗaya da ɗan ɗoriya. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar yunit 1.2 a lissafi, sai dai na ruwa ba a son a sauke shi ƙasa da rabi idan ana so ya yi ƙarko, na litiyom kuwa ana iya cin mafi yawansa. Faifan sola mai wat 300, a irin ranar da muke samu a Kaduna, yana iya cika wannan a yini mai haske, amma a watan Agusta da gajimare yake rufe sama, da lokacin hunturu da ƙura take kwanciya a kan gilashin, abin da yake bayarwa yana raguwa, shi ya sa faifai biyu suka fi kwanciyar hankali, kuma dole a riƙa goge su. Ƙaramin janareta yana da araha a ranar saye, amma yana ƙona fetur ne domin samar da wutar da ta ninka buƙatar ɗaki ɗaya sau da yawa, ga ƙara da ke shiga cikin mitin, ga hayaƙi, ga maƙwabta. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, yankin ya shafe fiye da mako guda a duhu, kuma ina gida a lokacin. Na ga abokan aiki suna yawo da kwamfuta a jaka daga shagon caji zuwa gidan aboki, waɗanda suke da sola kuwa aikinsu bai tsaya ko na yini ɗaya ba. Ma'aikacin ofis a Abuja bai san wannan damuwar ba a lokacin aiki, domin janareta da inbata na kamfani ne, ko da yake idan ya koma ɗakinsa a Mararaba duhun da ya gudo daga gare shi yana iya tarar da shi a can.

Intanet ya fi wuta sauƙi. Cikin garin Kaduna sabis yana da kyau a mafi yawan unguwanni, amma ya bambanta daga layi zuwa layi, har ma daga ɗaki zuwa ɗaki, don haka a gwada a daidai wurin da teburin zai zauna, kuma a riƙe layuka biyu na kamfanoni daban-daban. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, wanda ya sa kuɗin data ya zama abin warewa duk wata. Starlink, intanet da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya tun Janairun 2023, yana da sauri, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin sabon ma'aikaci shi kaɗai, kuma na'urarsa tana jan wuta kamar kwamfutar ko fiye, sai dai idan mutum uku ko huɗu za su haɗa kuɗi su yi ɗakin aiki ɗaya. Akwai kuma abin da ba ya hannun kowa, kamar yankewar wayoyin ƙarƙashin teku a watan Maris na 2024 da ta taɓa Abuja da Kaduna baki ɗaya, da kuma rufe layukan sadarwa da aka yi a wasu sassan jihar Kaduna daga ƙarshen Satumbar 2021 na kusan wata biyu saboda tsaro.

Abin da ya fi wuta da intanet wahalar gyarawa shi ne lokaci. A gidajenmu, aiki yana nufin a yi wanka a sa kaya a fita, wanda kuwa yake ɗaki a zaune ana ɗaukarsa a matsayin wanda yake da sarari. Wata rana da hantsi ina tsakiyar mitin ta bidiyo, ina yi wa mai aikin bayani, Umma ta ɗaga labule ta ce, "Tunda kana gida, tashi ka kai Antinka asibiti, in ka dawo ka biya ka sayo mana gas." Ba laifinta ba ne, domin duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin wanda ake biya yana zaune a ɗakinsa ba. Da daddare Baba ma ya tambaye ni, "Wai kai wannan aikin naka, ina ofishinsa yake?" Abin da ya warware matsalar shi ne na zaunar da su cikin ladabi, na nuna musu takardar yarjejeniya da shaidar biya daga banki, na roƙi a bar mini daga ƙarfe tara zuwa La'asar, ni kuma na ɗauki alƙawarin duk aiken gida bayan nan da ranar Asabar. Wanda ya san gidansu ba za a iya yin irin wannan zaman ba, ko ɗakin nasu na mutum huɗu ne, ko ƙofar gida majalisa ce da ba ta watsewa, ya sani cewa aikin gida zai ba shi wuya komai kyawun batirinsa. Sannan a duba agogo. Ingila da Jamus ba su wuce tazarar sa'a ɗaya da mu ba, amma gabashin Amurka yana bayanmu da sa'o'i biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, Kalifoniya kuma takwas ko tara, ke nan mitin na ƙarfe biyun rana a gabashin Amurka yana faɗowa ne ƙarfe bakwai ko takwas na dare a nan, tsakanin Magariba da Isha'i, lokacin da gida yake cike.

Akwai kuma maganar mutunci, wadda ba a cika faɗa a fili ba. Matashin da ba ya fita amma yana sayen sola da sabuwar waya, wasu a unguwa za su fara raɗe-raɗin ko ɗan damfarar intanet ne, a shingen bincike ma jakar kwamfuta takan jawo tambayoyin da katin shaida na ofis yake kashewa nan take. Idan maganar aure ta taso, tambayar farko da iyayen yarinya suke yi ita ce a ina yake aiki, kuma "a Abuja" amsa ce da ake ganewa ba sai an yi dogon bayani ba. Wannan yana sauyawa a hankali, amma bai gama sauyawa ba, don haka mai aikin gida ya nemi kamfaninsa ya ba shi takardar shaida, ya kuma riƙa bayyana sana'arsa ga dattawan unguwa.

Duk waɗannan ana iya shawo kansu da kuɗi ko da haƙuri. Abin da ba a saya a kasuwa shi ne idon wanda ya fi mutum sani. A makona na uku a Abuja na rubuta ɓangaren manhaja da ke rage kaya daga rumbu idan an saya, na gwada shi ya yi aiki, na tura. Babban injiniyanmu ya jawo kujera kusa da tawa ya ce, "Malam, zo mu duba tare. Idan kaya ɗaya ne ya rage, mutum biyu suka danna maɓallin saye a daƙiƙa ɗaya, wa za a sayar wa?" Na bi layukan da yatsa sai na ga abin da yake nufi: na sa manhajar ta fara duba ko akwai kaya, sannan a mataki na dabam ta rage, a tsakanin matakan biyu kuwa mutum na biyu yana iya shigowa ya tarar da kayan yana nan, a karɓi kuɗin duka biyun. Ya nuna mini yadda ake ɗaure matakan su zama aiki ɗaya a rumbun bayanai, ta yadda na biyu zai jira na farko ya gama, duka bai ɗauki minti 20 ba. A nan na tuna cewa irin wannan tsarin na rubuta wa wani shago a Kaduna watanni da suka wuce, kuma babu wanda ya gaya mini, domin mai shagon bai san kod ba, ni kuma ban san akwai matsalar ba. A daren na kira shi na nemi izinin gyarawa. Mai koyo shi kaɗai yana iya gane kuskuren da ya hana manhaja tashi, amma kuskuren da ke kwance shiru, na tsaro ko na lissafin kuɗi ko na tsarin da zai rushe idan masu amfani sun yi yawa, sai wanda ya taɓa ƙonewa a kansa yake hango shi. Makaranta ba ta koyar da wannan, domin furojet na ƙarshen karatu mutum ɗaya ne yake gwada shi a gaban malamai, a ba shi maki, a rufe.

A wannan fannin Abuja ta fi Kaduna, kuma ba zan ɓoye ba. Hedikwatocin hukumomin gwamnati na fasaha da sadarwa irin su NITDA da NCC da Galaxy Backbone suna can, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa suna can, kamfanonin da ke yi musu kwangila ma suna kewaye da su, saboda haka ƙwararru sun fi yawa, kuma aiki na gaba sau da yawa daga bakin wanda aka ci abincin rana tare da shi yake fitowa. Amma a yi hattara, domin ba kowane ofis a Abuja yake da irin injiniyan da na ambata ba. Wurare da yawa suna ɗaukar ɗalibin kwamfuta ne ya zama "mai kwamfuta" na ofis, shi ne gyaran firinta, shi ne haɗa waya, shi ne buga takarda, babu wanda ya fi shi sani balle a gyara masa. Wanda ya biya hayar Kubwa domin irin wannan aikin ya yi asara biyu, gara ya zauna a gida. Kaduna kuma ba kango ba ce. Cibiyar CoLab, matattarar masu fasahar kwamfuta, tana Barnawa tun 2016, ana yin tarukan masu rubuta manhaja a gari lokaci zuwa lokaci, shirin 3MTT na horar da matasa fasahar kwamfuta da gwamnatin tarayya ta fara a ƙarshen 2023 ya haɗa masu koyo wuri ɗaya, kuma duk wanda ya tura gyara zuwa wata buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta, a shafin GitHub zai samu baƙin da za su karanta masa layi-layi ba tare da ya biya ko sisi ba. Bambancin shi ne a ofis nagari gyaran yana zuwa ko mutum bai nema ba, a gida kuwa sai ya tashi ya nemo shi, ya kuma jure kunyar nuna aikin da bai gama kyau ba.

Ga 'yan mata lissafin yana da wani nauyi na daban. Gidaje da yawa ba za su amince budurwa ta kama ɗaki ita kaɗai a Lugbe ba, sai dai idan akwai yaya ko gwaggo da za ta zauna a wurinta, kuma wannan damuwa ce ta gaske da bai kamata a yi wa iyaye dariya a kanta ba. Aikin gida ya buɗe wa mata da yawa ƙofar da a da take rufe, har da matan aure masu goyo. Sai dai matsalar lokaci ta fi tsanani a kansu, domin aikin gidan da ake ɗage wa namiji idan ya ce yana mitin ba a cika ɗage wa mace ba. Wadda ta zaɓi zama ta nemi a amince mata da fita kwana biyu ko uku a mako zuwa wata cibiyar aiki a cikin gari, saboda wuta da natsuwa, da kuma haɗuwa da waɗanda suka riga ta a sana'ar.

Akwai hanya ta tsakiya da kusancin garuruwan biyu ya ba 'yan Kaduna. Layin dogon da aka buɗe a watan Yulin 2016 yana da tsawon kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu, yana tsayawa a Kubwa, tafiyar kuma sa'o'i biyu ce da ɗoriya. Wasu kamfanonin suna yarda ma'aikaci ya zo ofis kwana ɗaya ko biyu a mako, ko mako ɗaya a wata, sauran ya yi daga gida, kuma ga wanda yake da ɗan'uwa da zai sauka a wurinsa wannan tsari ya haɗa alherin ɓangarorin biyu. Amma kada a ɗauka za a iya zuwa a dawo kullum, domin tashar Rigasa tana da nisa daga Malali ko Barnawa, Idu ma tana da nisa daga tsakiyar Abuja, ga kuɗin tikiti. Kuma ba mu manta da harin ranar 28 ga Maris na 2022 ba, wanda ya ci rayuka, aka sace fasinjoji, jirgin ya tsaya har zuwa 5 ga Disambar shekarar. Titin mota kuwa tun 2018 ake aikin sake gina shi. Duk wanda zai karɓi irin wannan aikin ya tambaya tun farko me za a yi idan hanya ta ƙi.

Wanda yake makaranta har yanzu shi ya fi kowa dama, domin abin da ya yi a aji uku da aji huɗu shi ne zai sa ya samu zaɓi tun farko. Watannin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu, su ne gwajin ofis na kyauta, don haka a nemi wurin da ake rubuta manhaja da gaske ko da ba a biya, maimakon wurin da za a sa hannu a littafi kawai. Yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya zama gwajin aikin gida ga waɗanda ya rutsa da su, kuma duk dogon hutu yana iya zama haka: wanda ya iya tashi kullum ya zauna sa'o'i huɗu a kan aiki ɗaya ba tare da malami a kansa ba ya san halinsa, wanda ya kasa ma ya sani. Kwamfutar da aka taɓa amfani da ita irin ta ofis, kamar ThinkPad ko Latitude ko EliteBook, mai ƙwaƙwalwar gigabait 16 da ma'ajiyar SSD, ta fi sabuwa mai araha ƙarko da sauƙin gyara. Alawus ɗin bautar ƙasa kuma, da ya koma naira 77,000 daga 33,000, idan aka riƙa ware wani abu daga cikinsa duk wata, zai rage nisan da ke tsakanin mutum da batirinsa na farko ko hayarsa ta farko.

Kwanakin baya ƙanena ya dawo daga bautar ƙasa da tayi biyu a hannu, ɗaya daga wata ƙungiya a Abuja mai albashi mafi tsoka, ɗaya daga wani ƙaramin kamfanin Legas da ake yi wa aiki daga gida. Ya zo ya same ni bayan Isha'i ya ce, "Yaya, kowa cewa yake in tafi Abuja." Na ce masa ya kira duka biyun ya tambaye su wa zai duba aikinsa kafin a saka shi a inda jama'a za su yi amfani da shi. Na Abuja suka ce shi ne zai zama mai kula da ɓangaren kwamfuta gaba ɗaya, babu kowa a samansa. Na Legas suka ce babu layin da yake shiga sai wani babban injiniya ya karanta ya amince, kuma duk Talata da Alhamis akwai zaman sa'a ɗaya da za su yi da shi a kan abin da ya rubuta. Washegari muka je muka yi cinikin batir da faifan sola biyu, da yamma kuma ya shiga wurin Umma da takardar aikin a hannunsa domin su yi maganar lokaci.